Kibiyar Marke

Wanne ya fi nauyi, bakin mutum ko jinin maƙwabcinsa? A takarda amsar ba ta da wuya, kowane malami ya san ta. Amma wanda ya shekara sittin bai taɓa cewa wallahi ya saɓa ba, shi ya san abin da ke cikin tambayar. Har yau a yankin ba a daidaita ba kan ko riba Mainasara ya ci a bakin gulbi ran nan, ko hasara ya yi.

Mainasara shi ne shugaban 'yan sintiri na Tsamiya, wani ƙauye tsakanin Wurno da Goronyo. Shekarar da ɓarayin daji suka matsa wa yankin, sai ƙauyuka uku, Tsamiya da Marke da Gidan Kyauta, suka taru suka dafa Alƙur'ani. Kowane ƙauye ya tanadi kibiya mai alamarsa. Duk wanda aka kai wa kibiya zai taso da mutanensa nan take, babu tambaya. Mainasara da kansa ya kawo wannan sharaɗi, don ya ce kafin a gama tambaya an riga an kore shanu. Sau biyu kibiyar ta fita, sau biyu ɓarayi suka koma hannu wofi. Da ƙauyukan hayin gulbi suka ga haka, su ma suka ƙulla tasu yarjejeniyar, har da wasu na wajen Rabah.

Wata Talata da hantsi, lokacin dashen albasa, babur ya tsaya a ƙofar gidansa. Halliru ne, shugaban 'yan sintirin Marke. Bai ko kashe mashin ba, ya miƙo kibiya mai jan zare.

"Kawu, bakin gulbi, mashigin Marke. Yanzu."

Mainasara ya karɓa, ya shiga ɗaukar bindigarsa. A tsakar gida ya tarar da yayarsa Ikilima tana tsince wake. Ta girme shi da shekara biyar, kuma duk Tsamiya ita kaɗai ke kiran sunansa kai tsaye.

"Mainasara, ɓarayin ga da rana tsaka suka zuwa yanzu?"

"Ban sani ba, Yaya."

"To mi ya faru?"

"Ba a tambaya."

"Ni ban dafa komi ba, ina tambaya. Jiya matan Marke sun zo cin kasuwa, na ji ana zancen rigima da mutanen hayi. In da su ne, ka karya rantsuwarka. Mudu goma na gero ne, ka ciyar da mabukata goma, shi ke nan. Ga shi can cikin rumbu."

Ya tsaya da bindiga a kafaɗa. "Tun da kika san ni, kin taɓa ganin na yi kaffara?"

"Na taɓa ganin ka yi taurin kai, tun kana tsirara."

"Ba ni yi. Geron ki bar shi inda yake."

Ya fita da mutum arba'in, wasu a babur, wasu a ƙasa.

Ruwan gulbi ya ja baya a lokacin, bai wuce gwiwa ba. Mutanen Marke da na Gidan Kyauta sun riga sun jeru a kan rairayi da bindigogin toka da adduna. A ɗaya gaɓar kuma ga wani jerin, ya fi nasu tsawo. Mainasara ya dube su da kyau. Babu rawani a fuska, babu baƙon mutum. Ya gane wanda yake sayen irin albasa a wurinsa a kasuwar Goronyo. Ya gane wanzamin da ya yi wa jikansa aski ranar suna. A gabansu kuma ga Abdulƙadiri, tsohon maharbi, wanda suka yi farauta tare tun suna samari.

Mainasara ya waiwayi mutanensa. Sharaɗin nasa ne, daga bakinsa ya fito, kuma duk mutanen da ke bayansa saboda bakin nan suka baro gonakinsu. Ya ga wani saurayi na Gidan Kyauta yana ɗura bindiga. Harbi ɗaya ya isa, ko da na kuskure ne.

Sai ya taka zuwa bakin ruwa, ya ɗaga murya.

"Abdulƙadiri! Mi ya kawo ku?"

"An kira mu!" in ji tsohon daga hayi. "Kai fa?"

"Ni ma kira na anka yi!"

"To ka tambayi na kusa da kai, ni ma in tambayi nawa. Gemuna ya yi fari da yawa in mutu ban san dalili ba!"

Wasu suka yi dariya, gajeriya, ta mutanen da tsoro ya cika wa ciki. Mainasara ya juyo wurin Halliru.

"Kawu, an ce ba tambaya."

"Na sani, ni na ce. Yanzu ina tambaya."

Halliru ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa. Jakin wani mutumin hayi ne ya ƙetaro ya cinye irin albasar Lawwali, ƙanin Halliru. Lawwali ya ɗaure jakin. Mai jaki ya zo da 'yan uwansa suka ɗauke tiyon ban ruwan Lawwali. Aka yi dambe, aka fasa wa mutum ɗaya kai, bai mutu ba. Kowane ɓangare ya ce an taɓa mutuncinsa.

"Halliru, ka faɗa mini gaskiya don Allah. Da ba ku san muna bayanku ba, mi za ku yi?"

Halliru ya dubi ƙasa. "Da mun kai ƙara wurin hakimi."

A nan Mainasara ya ga abin sarai. Marke ƙaramin ƙauye ne, shekara da shekaru yana haƙuri da mutanen hayi, su ma suna haƙuri da shi, don kowa ya san iyakar ƙarfinsa. Rantsuwar da aka yi don tsare rayuka ita ta cire wa kowa haƙurin. Mai jaki ya san ƙauyuka huɗu za su mara masa baya, Lawwali ya san uku za su taso. Mutum fiye da ɗari biyu sun zo su mutu a kan ɗan irin albasar da jaki ya ci.

Ya zaro kibiyar daga ɗamararsa, ya miƙa wa Halliru da hannu biyu, a gaban kowa.

"Karɓi. Tsamiya ba ta ƙetare gulbin ga."

"Kawu, Alƙur'ani ka dafa!"

"Na dafa. Ni zan amsa, ba kai ba."

"Mainasara mai baki ɗaya, yau ya zama biyu," in ji wani daga baya. Maganar ta soke shi, amma bai waiwaya ba.

"To ranar da ɓarayi sunka faɗa wa Tsamiya, wa za ka kira?" in ji Halliru.

"Ban sani ba. Amma ranar da sunka faɗa wa Marke, ko babu kibiya kana gani na."

Ya juya, mutanensa suka bi shi. Na Gidan Kyauta suka dubi juna, suka dubi tsawon jerin hayi, suka fara sulalewa. A can ma Abdulƙadiri ya rataya bindigarsa, ana jin yana faɗa da wani a kan jaki. Kafin azahar rairayin ya koma na balbelu.

Mainasara bai tsaya gaisawa da kowa a hanya ba. Ya jingine bindiga a zaure, ya wuce rumbu. Ikilima tana nan inda ya bar ta, waken ya kusa ƙarewa. Ta dubi ɗamararsa, ta ga babu kibiya.

"Yaya, ina mudun?"

Ta miƙo masa, ta kama bakin buhu. Ya durƙusa ya fara awo, yana cika kowane mudu har ya yi tozo.