Tayi Ɗaya Gumsu Ta Yi

Ga ta nan ta iso gare ku.

Ta shigo, Iya, muna ji.

A zamanin Nasara, shekarun da ake ɗibar maza aikin hanya da tilas, an tafi da Sallau daga wani ƙauye na wajen Yekuwa da ƙafafunsa, aka maido shi a kan jaki. Ramin tsakuwa ne ya rufta masa. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da ke motsi.

Matarsa Baturiya ta zama ƙafafunsa. Ita ce juya shi, ita ce wanke shi, ita ce ɗaga shi zuwa inuwa, ga rijiya, ga turmi. Sai kuma masu dubiya. Kun san halinmu, baƙo ba ya tashi da busasshen baki. Kowa ya zo ya ce sannu Sallau, a dama masa fura, ya yaba haƙurinta, ya shafa addu'a ya tafi. Furar nan wa ya daka? Damina biyu ana haka, har taɓarya ta fara fin ƙarfinta. Abu ɗaya take roƙon Allah: ta samu mai kama mata ɗaga Sallau.

Ran nan Gumsu, yayar Sallau, ta zo daga Mallawa da ƙullin kayanta. Ta dubi Baturiya ta ce, "Ko in zauna in kama miki zuwa kaka?"

Daɗi ya kama Baturiya. Amma an rene ta a kan ba a cafke tayi da fari, balle na dangin miji, sai an yi sau uku. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haba Yaya, ki bar gidanki? Ai ina iyawa."

Ta tsaya jiran na biyu. Gumsu kuwa sai ta ce dama awakinta ba su da mai dubawa. Ta sha fura, ta kwana, da hantsi ta ɗauki ƙullin da ko kwance shi ba ta yi ba. Duk inda ta bi tana faɗin ta yi tayi an ƙi. Daga nan babu wanda ya sake yi.

Sallau ya tambayi Baturiya don me ba ta karɓa ba. Ta ce shi me ya rufe masa baki, ba yayarsa ba ce? Ya juyar da fuska bango, abin da yake iya juyawa ke nan.

Kafin a yanke gero, ta sunkuya za ta ɗaga shi, wani abu ya ce ƙas a bayanta. Tabarma ta zama biyu a ɗakin. Masu dubiya suka zo sau ɗaya, sau biyu, ba a dama fura ba, ƙafa ta ɗauke. Sai wata maƙwabciya ce ke miƙo musu kunu.

Sallau ya rasu da sanyin shekarar. Baturiya ta tashi, amma a tanƙware, danginta suka tafi da ita Kwaya, can ta tsufa tana kallon ƙasa. Gumsu ta yi tsawon rai, ana ce mata mai zumunci.