Takalmin Hagu na Kofur Othniel

Ranar da aka sallami Kofur Othniel daga soja, takalmi ɗaya ne ya tsare shi a bariki. Matarsa Liyatu ta riga ta loda kaya a keke napep, ɗakin da suka kama a Dubeli yana jiransu. Saura kawai ya mayar da kayan gwamnati sito ya kama gabansa.

Mai kula da siton, Sajan Hamajoɗa, bai taɓa jin ƙarar harsashi ba sai a filin koyon harbi. Ya juya hular kwano, ya kakkaɓe bargo, sannan ya ɗaga takalmin but ɗin da Othniel ya goge har yana ƙyalli.

"Kofur, biyu aka ba ka. Ina na hagu?"

Othniel ya dubi ƙafar wandonsa da aka naɗe a gwiwa. Nakiya ce ta ɗauke ƙafar a wajen Madagali, duk barikin an san haka.

"Yana bakin aiki, Oga. Ƙafata na ciki tana gadinsa."

Sajan bai yi dariya ba. Ya ce doka ba ta san ƙafa ba, takalmi ta sani. Amma akwai hanya: Othniel ya amsa cewa sakaci ya yi ya ɓatar, a yi masa ɗan faɗa, shi ke nan. In kuma bai so, ya aika kasuwar Jimeta a sayo na gwanjo. Kowa haka yake yi.

Liyatu ta taɓa kafaɗar Othniel. "Baban Jemimah, bari in je in sayo. Mai keke ya gaji da jira."

Ran Othniel ya ɓaci ƙwarai. Ciwo ya jure, ragin ƙafa da aka yi masa ma ya jure, amma ba zai fita daga soja da sunan mai sakaci ba.

"Ban ɓatar ba, Oga, na san inda yake. Ka samo mota mu je tare, ni da kai. Kai za ka shiga gaba, tun da kai ke da ƙafa biyu."

Sajan ya yi ta gyara bargon da ba ya bukatar gyara. Can ya tura but ɗin ƙarƙashin kantar siton. Don kada a ce an fi ƙarfinsa, sai ya nuna sandar da Othniel ke dogarawa.

"Wannan ma ta asibitin soja ce."

Othniel ya ɗora sandar a kan kantar, a hankali, kamar mai mayar da bindiga. Ya miƙe tsaye a kan ƙafarsa ɗaya, ya sara wa Sajan, ya ƙi sauke hannu. Sojojin da ke layi a siton suka zuba musu ido. Sai da Sajan ya tashi ya rama gaisuwar, kansa a ƙasa.

Liyatu ta sa kafaɗarta a hammatar mijinta. Suka ratsa filin fareti a cikin zafin rana, yana tsalle, bai yarda kowa ya ɗauke shi ba.