Wankakkiyar Alkama

Tsahara ta yi shekara talatin da ɗaya tana karɓar haihuwa a wata matanite, wato asibitin haihuwa, a Maraɗi kafin ta ajiye aiki. Da ta dawo gida ta zauna, sai ta mai da hankalinta kan tantabarunta. A bayan ɗakinta, a unguwar Bagalam, akwai wani lungu tsakanin katanga da bishiyar bedi. Nan ta jera tsofaffin tukwane a kan katako, kowace tukunya da mace da namijinta. Sun kai arba'in. Ba ta sayarwa. In maƙwabciya ta haihu takan sa a yanka 'yan shila biyu ta yi mata farfesu, iyakar abin da take ɗauka daga gare su ke nan.

Ƙanenta Inusa yana noman rani a Jiratawa. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma tun da ya kama gona yakan aiko mata da tsintar hatsi saboda tsuntsaye. Wata Talata cikin sanyi, mai babur ɗin kabu-kabu ya sauke mata rabin buhun alkama, ya ce in ji Inusa. Ta buɗe ta ga alkama tsaf, ba tsakuwa ba ƙaiƙayi, har ta yi mamakin yadda Inusa ya iya kyauta da irin wannan. Washegari da safe ta watsa musu kwano biyu, ta yafa gyale ta tafi barkar suna a Sabon Gari.

Ta dawo kafin azahar. Tun daga zaure ta ji gidan shiru, babu gurnanin nan da ta saba ji. Ta zagaya baya. Tantabaru ne zube a ƙasa, wasu a gindin bedi, wasu cikin kaskon ruwansu, wata ta faɗo daga katanga fiffike a buɗe. Uku ko huɗu suna ta shure-shure, kumfa na fita daga bakinsu. Har da kurciyoyi biyu na daji da suka saba saukowa cin arziki.

Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga, ta yi salati, sannan ta ce a yi maza a yanka masu sauran rai kada nama ya tafi a banza. Tsahara ta daka mata tsawar da ba ta taɓa yi mata ba, ta ce duk wanda ya taɓa ko ɗaya ita da shi ne. Ta ɗebo alkamar nan a tafin hannu, ta tofa yawu ta murza. Tafinta ya yi ja-ja. Ta ɗaga ƙwaya ɗaya ta duba a rana, ta ga jan zare kwance cikin tsagar ƙwayar. Irin shuka ne, wanda ake cuɗawa da maganin ƙwari. An wanke shi ne kawai.

Ta bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya. 'Yan shila tara ta samu da rai, don iyayen ba su kai ga yi musu ɗura ba. Shida sun fara gashi, uku kuwa tsirara suke, idanunsu ma ba su buɗe ba. Ta shimfiɗa tsohon zane a cikin daro ta jera su, ta cika kwalba da ruwan zafi ta naɗe ta sa a tsakiya, ta kai ɗaki ta rufe. Sannan ta kwashe matattun ta zuba cikin buhun, a kan alkamar, ta ɗaure bakinsa, ta fita titi ta tare kabu-kabu.

Suka kama hanyar Jiratawa. Buhun yana kan cinyarta, tana jin ɗumin gawarwakin ta cikin zane.

Ta sami Inusa a bakin kanal ɗin ban ruwa tare da manoma biyar ko shida, suna ɗaure dammunan zogale. Ya miƙe da fara'a yana yi mata sannu da zuwa. Ta kwance buhun ta zazzage a gabansa.

Mutanen suka ja da baya. Inusa ya dubi tsuntsayen, ya dube ta, ya soma bayani. Wai wani proje na tallafa wa manoma ne ya raba musu iri, ya yi shuka ya rage, in ya ajiye har baɗi lalacewa zai yi. Wai sau uku ya wanke shi da hannunsa, har ruwan ya fita fari, ya shanya kwana biyu. Wai ƙila ma ba alkamar ba ce, akwai ciwon kaji yana yawo bana.

"Yaya, ki yi haƙuri," ya ce. "Tantabaru ne fa. Ranar kasuwa in saya miki wasu."

Wani daga cikin manoman ya yi 'yar dariya. Tsahara ta dubi Inusa. Ta ce masa ta san tantabaru ne, ba ta zo da su don ya gaya mata sunansu ba. Ta ce abin da take so ta ji shi ne, da ya ɗora buhun a kan babur, mi ya hana shi buɗe baki ya ce iri ne mai magani. Ya ce bai ga abin faɗi ba tunda ya wanke.

"Da akwai wani abu cikinta, ai ba zan ba iyalina ba. Mu ma ita za mu ci."

"Ku wa?"

Ya ce sauran rabin yana gida, matarsa Balkisu za ta kai inji yau a niƙa, yara sun daɗe suna son fankasau.

Tsahara ta tattara tsuntsayen ta mayar cikin buhun, ta saɓa a kafaɗa, ta kama hanyar gidansa da sauri irin wanda ta manta tana iya yi. Balkisu tana tsakar gida da babban kwano a gabanta, ta riga ta naɗe gammo. Tsahara ta tambaye ta ko wani ya ci. Ta ce a'a, jiya dai ta hana ƙaramar tauna ɗanya. 'Ya'yan gidan nan huɗu duk a hannun Tsahara suka faɗo. Ta ɗauke kwanon ba tare da ta nemi izini ba, ta ɗauki fartanya a jikin rumbu, ta zagaya bayan gida ta soma haƙa. Ƙasar ta yi tauri, bayanta yana ciwo, amma ta haƙa iya ƙarfinta, ta juye alkamar duka da tsuntsayen, ta mayar da ƙasa ta tattake.

Tana cikin tattakewa Inusa ya iso. Yanzu shi ma ransa ya ɓaci. Ya ce ta kunyata shi gaban mutanen da yake shugabanta a gona, kuma ta shigo gidansa ta binne abinci a shekarar da kowa ke auna tiyar hatsi da ido. Ya ce tun da ta bar aiki ta rasa wanda za ta yi wa tsawa, to nan ba matanite ba ce, shi kuma ba mai naƙuda ba ne.

Ta jingine fartanyar a bango. Ta ce, "Inusa, da ban tahi suna na dawo da wuri ba, da gobe war haka ba tsuntsu za a binne a gidan nan ba." Ta karkaɗe zanenta ta fita. Balkisu ta biyo ta da ruwa a kofi, ba ta karɓa ba.

Daga ranar aikin ɗura ya hau kanta. Ta dama kunun gero mai ruwa-ruwa, ta murje gwaiduwar dafaffen ƙwai a ciki, ta yanke kan wani tsohon sirinji ta ɗaura masa ƙyalle mai ƙaramin huji, yadda ɗan shila zai cusa bakinsa kamar cikin bakin uwa. Manyan shidan suka gane da wuri. Suna jin motsinta sai su hau kaɗa fiffike suna tsiwa, kunu ya ɓata musu ƙirji, ta goge da ruwan ɗumi. Sau biyar a yini. Ta daina zuwa ko'ina. Hannunta yana aiki a hankali kamar yadda ya saba, bakinta kuwa yana ta faɗa da Inusa da ba ya wurin.

Ƙananan ukun ne suka ƙi. Abin da uwa ke tofa wa ɗan kwana biyu ba kunu ba ne, kuma ba ta da shi. Ɗaya ya mutu ranar Alhamis. Ranar Juma'a ta sa sauran biyun cikin kwali da kwalbar ruwan zafi ta tafi Tsibiri wurin Saloma, abokiyar aikinta ta dā, wadda ita ma take kiwon tantabaru a bayan gidansu kusa da majami'a. Saloma tana da tukwane biyu masu sababbin ƙyanƙyasa. Suka sa ɗaya nan, ɗaya can, suka koma gefe suka zauna suna kallo. Uwa ɗaya ta karɓa, ta kwanta a kansa. Ɗayar ta yi ta saran baƙon har sai da Saloma ta cire shi, kuma bai kai la'asar ba.

Saloma ta saurari labarin duka, ta ce Inusa ya yi wauta amma ba mugunta ba, a yafe masa. Tsahara ta ce ta gaji da mutanen da ba su da mugunta. Ta ce shekara talatin tana ganinsu, su ne masu kawo mace bayan kwana uku tana naƙuda su ce ba su san abin zai kai haka ba. Can kuma ta ce ita ma ta ga alkamar ta yi kyau fiye da kima, ta yi mamaki, amma ta watsa. Saloma ta ɗauko ƙwarya. Ta zuba mata fura.

Cikin manyan shidan, ɗaya ya shaƙe da kunu a hannunta, wani kuma ya yi ta ramewa har ya tafi. Huɗu suka tsaya da ƙafarsu, suka fara tsattsagar gero da kansu. Da na Tsibiri, biyar ke nan cikin tara.

Bayan mako biyu Balkisu ta kira ta a waya, murya ƙasa-ƙasa. Ramin bai yi zurfi ba, kaji sun tone shi, huɗu sun mutu har da zakaran. Inusa da kansa ya kwashe abin da ya rage ya ƙone, ya bi gidajen waɗanda suka sami irin nan ya gargaɗe su. Balkisu ta faɗi haka ne don ran yayar mijinta ya yi sanyi. Bai yi ba. Tsahara ta ajiye wayar tana huci. Ita da ta goye shi ta faɗa masa bai yarda ba, sai da kaji suka faɗa masa.

Sai da aka yi wata guda da rabi sannan ya zo. Ya yi sallama a zaure da hantsi, da buhun gero a bayan babur. Ta bar shi tsaye har ta gama wanke kaskon ruwa, sannan ta ce ya shigo. Ya sauke buhun a gindin bedi, ya dubi tukwanen da babu kowa ciki, ya dubi tsuntsaye huɗun da ke kan kafaɗarta da kan katanga. Ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ya ce gero ne na rumbunsa, na damina, babu abin da ya taɓa shi. Bai ambaci alkama ba, bai ambaci abin da ya faɗa mata ba.

Ta ce ya kwance. Ya kwance.

"Ɗebi ka ci."

Ya ɗago ya dube ta ko wasa take yi. Ba ta yi kama da mai wasa ba. Mutum mai shekara hamsin da furfura a gemu, ya duƙa ya ɗebi ɗanyen gero cike da hannu ya watsa a baki. Ya yi ta tauna, tana tsaye tana kallonsa, har ya haɗiye da ƙyar yana tari. Ta miƙa masa ruwa a moɗa. Sannan ta ɗebi kaɗan ta watsa, tsuntsayen suka sauko.

Ya ce zai kawo mata mace da namiji guda biyar daga kasuwa. Ta ce ba ta so, waɗannan za su hayayyafa in Allah ya so. Ta ce ya gaida Balkisu, ya kuma turo mata yaran ranar Lahadi ta gan su da idonta. Shi kuwa, ta ce, kada ya yi saurin dawowa, ba ta huce ba tukuna.