Gidan Dama na Takardar Wendell

Idan mutum ya yafe wa kansa, ya ci amanar wanda ya mutu ke nan? Wa ya sani.

Wendell ne ke tuƙi ranar da mota ta zame a kan ƙanƙara, matarsa Lorna ta rasu. Likitar ƙwaƙwalwa ta ba shi takarda mai gida biyu: hagu hujjar cewa laifinsa ne, dama hujjar cewa ba laifinsa ba ne. Wata huɗu yana cika hagu, ya ce a gidan dama ko harafi ba zai sa ba.

"Wendell, hagun nan har na haddace," in ji likitar. "Da ƙaninka ne ya tuƙa, me za ka rubuta masa?"

Ya daɗe yana juya biro. Sannan ya rubuta a dama: "A hankali yake tafiya."