Ƙarfe Ba Ya Ruɓewa

Duk layin an san mai kayan inji da taurin kai a kan abu guda: kayansa ba sa hawa jirgin sama. Ɗansa da ke ƙasar waje, wanda ke saya masa kayan gyaran keken ɗinki, ya yi magana har bakinsa ya gaji. Tsohon sai ya ce jirgin ruwa ya fi sauƙi, kuma ƙarfe ba tumatir ba ne balle ya ruɓe a hanya.

Kawai faɗa yake. Abin da ke ransa daban ne. Muddin kaya na bisa teku, yaron ba ya samun sukuni, kullum sai ya bugo waya. "Baba, sun ce jirgin ya tsaya a wata tasha." Daga nan hira ta zarce kan ciwon gwiwa, da lemon da marigayiya mahaifiyar yaron ta dasa a tsakar gida, da maƙwabcin da ya shafa wa ƙofarsa fenti mai ban dariya. Da zarar kaya sun iso kuwa, shiru sai wani sayen. Tun da matarsa ta rasu, wannan jiran ne abokin zamansa.

Ran nan mai shagon ɗinki, babbar mai cinikinsa da ta rage, ta shigo ko zama ba ta yi ba.

"Baba, kekuna sun tsaya, teloli na zaune suna kallona. In kayan nan ba su zo makon nan ba, wallahi wani wurin zan nema. Kada ka ga laifina."

Bayan ta fita ya daɗe yana kallon kantocin da suka yi rabi, fanka na ta ƙara a kansa. In ta tafi, shagonsa ma ya tafi. Ya ɗauki waya ya kira ɗansa.

"Wannan karon sa su a jirgin sama."

Kafin mako ya ƙare ga kwali a kan tebur, ko ƙura bai kwasa ba. Yana cikin yanke igiyar sai waya ta yi ƙara, muryar ɗansa cike da murna.

"Ka gani ko, Baba? Daga yau haka za mu riƙa yi. Kai ma ka huta, ba sai na yi ta damunka da waya kullum ba."

"Haka ne," in ji tsohon. "Allah ya yi maka albarka."

Ya buɗe baki zai ce lemon ya fara fure, sai ya ji an riga an kashe.