Harbi Ɗaya a Fadamar Gulma

Wata huɗu Albashir ya yi a shagon buga takardu da ke kusa da ƙofar foliteknik a Birnin Kebbi, kuma babu ranar da bai tsani aikin ba. Shagon bai fi ɗakin girki ba. Janareta na gurnani a bayansa tun safe, injin fotokofi na hura masa zafi a fuska, ɗalibai na miƙo takardu ta taga suna cewa ya yi sauri. Shekararsa goma sha bakwai, ya gama sakandare, shi kuma abin da ransa ke so shi ne fili: ruwa, ciyawa, tafiyar ƙasa har ƙafa ta gaji.

Wannan hali ba a unguwar Gesse ya samo shi ba, inda yake zaune da mahaifiyarsa Ɗayyaba a gida mai ɗaki biyu. A Gulma ya samo shi, garin kakansa na wajen uwa, marigayi Ɗanladi maharbi, inda ake kai shi duk hutu tun yana rarrafe.

Wata rana wani ɗalibi ya kawo sanarwa a buga masa kofi ashirin. Albashir ya karanta ta tana fitowa da ɗumi daga injin. Wani kamfanin noman shinkafa ne ke neman matasan da za su riƙa bin bakin gulbi daga Argungu zuwa ƙauyukan Gulma, suna duba sandunan awon ruwa da aka kakkafa, suna aika lambar ta waya. Ya buga ashirin da ɗaya, ya ninke ta ƙarshen ya sa aljihu.

Ɗayyaba tana tsinken zogale lokacin da ya nuna mata. Ta karanta har ƙasa, ta miƙa masa abarsa.

"Ka san mi ya sa suka neman sabon mutum?" ta ce. "Wanda ka yin aikin, mutane sunka tare shi cikin daji da bindigogi, sunka amshe babur ɗinai da waya. Da ƙafa ya dawo gida. Kawunka ya faɗa min."

"Ai don ba ya da abin kare kai ne, Inna."

"Kai kana da shi?"

"Bindigar Kaka tana nan."

Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Ta koma kan tsinken zogalenta. Duk da haka ran Litinin ya ce wa mai shago ba ya jin daɗi, ya hau mota zuwa Argungu.

Ofishin kamfanin ɗaki ɗaya ne a cikin wani sito mai ƙamshin shanshera. Wadda ke ɗaukar ma'aikatan injiniya ce, sunanta Riskuwa, doguwar mace mai takalmin roba har gwiwa. Ta yi masa tambayoyi ya amsa da zafinsa. Ya san inda gulbin ya rabu biyu, ya san mashigin da shanu ke ƙetarewa, ya san gaɓar da kada ke shan hantsi. Ta ajiye biro ta dube shi da kyau.

"Ka san wajen fiye da waɗanda na gani jiya. Shekarunka nawa?"

"Sha bakwai. Saura wata biyar in cika sha takwas."

"To sai nan da wata biyar."

Ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Don ya nuna mata shi ba yaro ba ne, sai ya ce, "Hajiya, ni ba zan gudu ba kamar wancan. Muna da bindiga a gida, zan riƙa tafiya da ita."

Fuskarta ta canja. "Ba mai ɗaukar min ko wuƙar yankan albasa. Yau duk wanda aka hango da bindiga a bakin daji, ɗayan biyu ne: ko 'yan sa-kai su ɗauke shi ɓarawo, ko ɓarayi su so abin da ke kafaɗarsa. Ma'aikatana yanzu mutum biyu-biyu suke tafiya, su gaida kowace tunga, su dawo kafin la'asar. Ka je, ka dawo in lokaci ya yi. Na rubuta sunanka."

Ya fito yana tafasa. Kowa da abin da zai ce masa: uwa ta ce akwai haɗari, ya kawo maganin haɗarin an ce maganin ne haramun. Wancan da aka tare, gaisuwa ce ta cece shi? Maimakon ya koma Birnin Kebbi, sai ya hau acaɓa ya nufi Gulma.

Kawunsa Hodi, yayan Ɗayyaba, yana gyaran komar kamun kifi a ƙofar gida. Ya saurari Albashir har ya gama bai ɗaga ido daga zaren ba.

"Shekara goma sha ɗaya ke nan ba a tayar da bindigag ga ba," ya ce. "Baba da kanai ya rataye ta tun yana da ƙarfinai. Da can in an ji harbi a fadama, sai mata su ɗora tukunya, an san nama ka zuwa. Yanzu in an ji, mi kake jin za a yi?"

"Kawu, gwadawa kawai zan yi, in ga ko tana tashi."

"A'a."

"To ka koya min, ko ba yau ba."

"Na ce a'a, Albashir. Ka kwana, gobe ka koma wurin uwarka."

Washegari Hodi ya sammaka kai kifi Argungu. Matan gida suna bayan ɗaki suna surfe. Albashir ya shiga ɗakin marigayi, wanda ya zama wurin ajiyar buhuna, ya ɗaga kai. Tana nan rataye a jikin azara, adaka ce irin ta ɗuri, doguwa, an naɗe gindinta da jar fata, an jera ƙusoshin tagulla uku a kai. A cikin tsohuwar jakar fata da ke gefenta ya tarar da kwalbar albarushi da 'yan gutsattsarin ƙarfe. Ya naɗe bindigar a tabarma ya fita ta ƙofar baya.

Hantsi ya ɗaga lokacin da ya isa fadama. Lokacin dashen albasa ne, fili cike da mutane: maza a sunkuye cikin fangalin dashe, injinan ban ruwa na tatata, mata na kawo abinci, garken shanu na gangarowa mashaya. Ya wuce su duka, ya yi nisa har ya shiga wata 'yar duhuwa bayan gaɓa, inda ya tabbata ba mai ganinsa. Bai yi tunanin za a ji ƙarar ba.

Ya zuba albarushi kamar yadda ya tuna kakansa na yi yana ɗan shekara shida, ya cusa tsumma, ya daddanna da sandar ƙarfen. Ya ƙara kaɗan don kada ta ƙi. Ya auna wani suri, ya runtse ido ɗaya, ya ja kunama.

Shiru. Sai ɗan ƙas.

Ya yi tsaki ya sauke ta daga kafaɗa, yana juya ta don ya ga abin da ya hana. A nan ta tashi. Ƙarar ta doke shi kamar an mare shi da faranti, gindin bindigar ya naushi haƙarƙarinsa, ya tsinci kansa zaune a ƙasa cikin hayaƙi, bayan hannunsa na hagu ya yi baƙi yana raɗaɗi. Tsuntsaye suka tashi daga kowace bishiya.

Da kunnensa ya fara buɗewa, abin da ya fara ji muryar mace ce daga nesa.

"Sun zo! Sun zo!"

Ya rarrafa ya hau gaɓa. Fadamar da ya wuce ɗazu ta hargitse. Maza sun watsar da fartanyoyi suna gudu, mata na jan yara, wani ya faɗa gulbi da kayansa yana iyo. Shanun nan sun firgita sun yanke daga makiyayinsu, suka ratsa ta tsakiyar wata gonar albasa, fangali bayan fangali. Wata tsohuwa mai ƙwaryar fura a ka ta zo tsallake hanyar ruwa, ƙafarta ta zame, ta faɗi, ba ta tashi ba.

Ya buɗe baki zai yi kira cewa shi ne, ba kowa ba ne. Muryar ta ƙi fita. Yana tsaye a wurin da bindigar a hannu har babura huɗu suka ɓullo ta kan gaɓa.

"Aje ta! Kwanta!"

'Yan sa-kai ne, su bakwai. Ya saki bindigar ya kwanta rub da ciki. Ta gefen ido yana ganin ɗaya daga cikinsu, saurayi da bai girme shi sosai ba, ya auna masa kai da bindiga.

"Ina sauran?" wani ya daka masa tsawa. "Ku nawa ne?"

"Ni kaɗai ne. Wallahi ni kaɗai ne."

Shugabansu, wani mai furfura da ake kira Abdussamadu, ya sauko a hankali. Ya ɗauki adakar ya juya ta, ya shafa ƙusoshin tagullar da babban yatsa.

"Wagga ta Ɗanladi ce," ya ce. "Kai ɗan wa?"

"Jikansa ne. Ɗan Ɗayyaba."

Abdussamadu ya ɗora hannu a kan bindigar saurayin nan ya danna bakinta ƙasa. Sannan ya tsuguna kusa da kan Albashir ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Da ka motsa ɗazu, da yanzu muna neman wanda za ya kai wa uwarka labari. Tashi."

A zauren mai gari aka yi zaman, bayan azahar. Kafin nan labari ya riga ya kai tunga uku, an rufe wata makarantar firamare an kori yara gida, wasu iyalai har sun ɗaure kaya. Tsohuwar da ta faɗi, Baiwa, an kai ta wurin mai ɗori, hannun dama ya karye. Mai gonar albasar, Labbo, yana zaune ya haɗa kai da gwiwa. Sati biyu ya yi yana dashe.

Hodi ya iso da warin kifi a jikinsa. Bai dubi Albashir ba. Ya durƙusa gaban mai gari ya ba da haƙuri, ya juya ya ba Labbo, ya ba 'ya'yan Baiwa. Ganin kawunsa, mutum mai shekara sittin, yana durƙuso a gaban samari saboda shi, ya fi ƙunar hannun ciwo.

Aka ce ya yi bayani. Ya fara da aikin awon ruwa, da mutumin da aka tare, da yadda ba wanda ya yarda ya koya masa. Yana cikin magana ya ji yadda zancen ke fita, ya yi shiru.

"To da sun tare ka," in ji Abdussamadu, "harbi ɗaya gare ka. Kahin ka sake ɗuri sun sha shayi sun wanke kofi."

Wasu suka yi dariya. Labbo bai yi ba.

Mai gari ya yanke cewa bindigar za ta zauna a hannunsa har a ga abin da hukuma za ta ce. Yaron kuma zai zauna Gulma ya sake dasa wa Labbo duk abin da shanu suka tattake, ya kuma riƙa kai furar Baiwa fadama har hannunta ya warke, tunda da ita take ci.

Da yamma Ɗayyaba ta kira wayar Hodi. Albashir ya karɓa yana jiran faɗa. Ta tambayi hannun, ya ce da sauƙi. Ta ce a shafa masa zuma. Sai ta ce mai shago ya sa wani a wurinsa, ta kashe.

Bayan kwana uku ya yi ƙarfin hali ya kira Injiniya Riskuwa. Bai kai ga gabatar da kansa ba ta ce ta ji.

"Hajiya, in na cika sha takwas fa?"

"Aikin nan na shiga tungar mutane ne su ba ka ruwa, su faɗa maka in hanya ba kyau. Wace tunga zan aike ka bana? Ka san gulbin, wannan ban janye ba. Ka neme ni baɗi, in ji abin da mutanen wajen ke cewa a kanka."

Baɗi. Ya daɗe yana kallon wayar.

Dashen albasa ba ya son gaggawa, shi kuma gaggawa ce cike da cikinsa. Tun sanyin safiya yake sunkuye cikin laka, hannu ɗaya a naɗe da tsumma, yana cusa 'yan tsirrai sirara kamar tsintsiya. Da hantsi ya wanke ƙafa ya tafi gidan Baiwa, jikokinta su ɗora masa ƙwarya a ka, ya bi fangali yana tsayawa inda aka kira shi. Matan da suka yi gudu ranar nan su ne masu saye. Wasu su tsokane shi, wasu su karɓi furar ba tare da sun dube shi ba. Baiwa kanta ba ta taɓa yi masa maganar ba, sai dai kullum ta ce ya riƙa damawa kafin ya zuba, gari na kwanciya a ƙasa.

Ran kwana na tara ya gama fangali mafi girma, ya miƙe yana dafe ƙugu. Labbo ya zo ya tsaya a bakin kunya, ya daɗe yana dubawa. Sai ya shiga, ya tsuguna, ya tuge layin farko gaba ɗaya, ya tara tsirran a hannu.

"Ka nutsa su da yawa," ya ce. "Haka ba su yin kai, ganye kawai za mu ci. Gaɓar yatsa ɗaya, ba biyu ba."

Albashir ya dubi sauran layukan, goma sha huɗu, duk zurfinsu ɗaya. Labbo ya miƙo masa tsirran, ya karɓa, ya koma farkon fangalin.