Mutum Bakwai Zuwa Kan Dutse

Shekara talatin da ɗaya Sista, shugabar nas-nas, ta yi tana rubuta jadawalin aiki a ɗakin kwanciyar mata na asibiti: wa za ta yi safe, wa za ta yi rana, wa za ta kwana. Shekara biyu ke nan da ritayarta, amma hannun bai ji labari ba. Ko cefane za ta rubuta sai ta ja layi da rula. 'Ya'yanta uku suna tsokanarta, wai ranar da ciwon ajali zai zo, sai ya nuna takarda mai sa hannu kafin Mama ta ba shi gado.

Gidan ya yi mata yawa tun rasuwar maigidanta, ɗaki huɗu mutum ɗaya. A faɗi gaskiya, 'ya'yan ba su yar da ita ba. Suna kira, suna aike, suna leƙowa. Sai dai leƙowar irin ta likita ce a zagayen safe, "Mama ya jiki, ya gwiwa, kin sha magani?", makullin mota yana hannu ko ajiye shi ba a yi ba. Kuma ɗai-ɗai suke zuwa. Kaɗaici yana cinta, ta san sunansa sarai, ba ta dai faɗa wa kowa ba. Abin da take so bai taka kara ya karya ba: kwana uku a tsakiyar 'ya'yanta, su ukun a wuri ɗaya, inda babu mai satar kallon agogo.

Wata tsohuwar abokiyar aikinta ce ta nuna mata hotunan wurin a waya. Ƙaramin gari ne a kan dutse, tafiyar awa biyar, hanyar sai kwana take tana hawa. Gonakin shayi ta ko'ina, da safe gajimare yana saukowa har bakin ƙofar masauki, mutum ya yi magana ya ga tururi na fita daga bakinsa. Matar ta ƙara da ƙorafi, wai waya ba ta kamawa sai an hau wani tudu a bayan masaukin. Wannan ƙorafin ne ya sa Sista ta gyara zama ta ce a ba ta lambar masu wurin.

Sati uku ta yi tana shiri a kan teburin kicin, da rula da biro ja da shuɗi. Samun ranakun kaɗai sai da ta yi faɗa da kowa. Babban ɗanta injiniya ne, kullum yana da taro. 'Yarta malamar makaranta ce, tana da jarrabawar da za ta duba. Auta kuwa ba shi da komai sai rashin tsayawa a kan magana ɗaya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta ƙwaci Juma'a, Asabar da Lahadi.

Daga nan sai aikin da ta fi kowa iyawa. Malama tana amai a mota, don haka kujerar gaba tata ce, da leda biyu a aljihun ƙofa. Mijinta dogo ne, bakin ƙofa a layin tsakiya, ya samu wurin miƙe ƙafa. Matar babban ba ta shiri da madara, a gaya wa masu abinci tun kafin a isa. Ƙaramin jika yana da asma, abin shaƙarsa ɗaya a jakar uwarsa, ɗaya a aljihun ubansa, don ta san halin su biyun. Ta kama ɗaki uku: babban da matarsa, malama da mijinta, auta da jikokin biyu. Har inda za a tsaya a hanya ta rubuta, da minti nawa.

Batun mota kuwa ba ta yarda a yi shi ta waya ba. Da ƙafarta ta je tasha, ta zaga motoci tana danna taya da babban yatsa kamar mai duba kumburin ƙafa, har ta tsaya a kan wani direba mai furfura wanda bai yi mata surutu ba.

"Mutum nawa ne, Mama?" ya tambaya.

Ta duba takardarta. "Bakwai."

"Daidai motar ke nan. Kujera bakwai, ban da tawa."

Ta koma gida ta sake kwafe jadawalin da kyau, ta sa hannu a ƙasa, ta ɗauki hotonsa ta tura musu. Godiya ta yi ta shigowa. Ran nan har waƙa ta yi tana wanke kofinta ɗaya.

Washegari da hantsi malama ta kira.

"Mama, Allah ya saka da alheri. Wallahi mun gaji, wannan hutun ya zo a kan gaɓa. Amma kwana ukun nan, in ce wa maƙwabciyarki ta riƙa leƙo ki? Ba na son mu yi nisa kina nan ke kaɗai."

Sista ta jawo takardar da hannu ɗaya, ta bi ta da yatsa daga sama har ƙasa. Babban, matarsa, malama, mijinta, auta, jika, jika. Ta sake bi. Ba ta ciki.

Ba mantuwar tsufa ba ce, kada a ɗora mata. Shekara talatin da ɗaya mai rubuta jadawali ba ta shiga cikin akwatunan, sunanta a ƙasa yake, wurin sa hannu. Kowace nas ta san Sista tana nan safe da rana, ba sai an rubuta ba. Hannun ya yi abin da ya saba ne kawai. To amma 'ya'yanta ba nas-nas ba ne. Sun ga takarda babu Mama, sun ɗauka kyauta ce ta yi musu.

"Mama, kina ji na?"

"Ina jinki. Bar maƙwabciya, ba na son a dame ta."

Kalma ɗaya ta isa ta gyara komai, kuma ta san haka. "Ni ma fa za ni," shi ke nan, a yi dariya, a nemi babbar mota, a sa katifa a ɗakin jikoki. Amma kalmar ta maƙale. Rabi kunya ce, rabi fushi. Mutum bakwai sun karanta takardar nan, to a cire yara, manya biyar masu ilimi, a ce babu wanda idonsa ya nemi uwarsu? Ta yanke wa kanta cewa ba za ta roƙi kujera a tafiyar da ita ta haɗa ba. Saura kwana tara. Ɗaya daga cikinsu zai tambaya, ko da sau ɗaya ne. Taurin kai ne, babu wani suna da za a ba shi, amma ita ma tana da gaskiyarta.

Ba wai ta zauna shiru ba ne, ta yi ta jefa musu igiya. Da babban ya kira, ta ce an ce iskar wurin tana yi wa tsofaffi daɗi.

"Haka ake cewa," in ji shi. "Amma gara da ba ki sa kanki ba, Mama. Wannan gwiwar taki da hawan dutse? Kin yi tunani."

Ta ce eh, ta yi tunani.

Ana saura kwana biyu auta ya zo ɗaukar barguna. Ya tsaya a kicin yana cin abin da ya samu a tukunya, ya jawo jadawalin yana karantawa. Can sai ya ɗaure fuska.

"Mama, akwai kuskure a nan."

Ta ajiye cokalin da ke hannunta a hankali, har ta fara shirya yadda za ta yi kamar ba komai ba ne.

"Wane kuskure?"

"Kin haɗa ni ɗaki da 'yan rigimar nan biyu. Hutu zan je ko raino?"

Ta dube shi, ƙaton mutum da gemu, miya a gefen baki. Ta ce idan bai so ya kwana a mota. Ya yi dariya, ya rungumi bargunan ya fita.

Ranar Juma'a ƙarfe bakwai motar ta tsaya a ƙofar gidanta, don a jadawali nan ne wurin haɗuwa. Sista ta fito da sababbin takalman kambas a ƙafarta, da rigar sanyi mai maɓalli a kafaɗa, ga rana ta riga ta fara zafi. Ƙaramar jakarta tana bayan ƙofar falo, a ɗaure. Ta tsaya a inda kowa zai gan ta.

Suka gaishe ta, suka rungume ta, suka shiga hidimar kaya. Ita ce ma ta riƙa nuna wace jaka za ta fara shiga, don haushi ba ya hana ta ganin an yi abu ba daidai ba. Kowa ya hau kujerar da aka rubuta masa. Kafin a rufe ƙofa musu ya ɓarke tsakanin 'ya'yanta ukun, a kan wanda ya fasa gilashin taga suna yara ya bari aka daki wani. Babban yana rantsuwa, malama tana dukan kujera, auta yana dariya har da hawaye. Rabon da ta ji wannan hayaniyar, ta manta.

Direban ya gama ɗaure kaya, ya zagayo ta gefenta yana goge hannu da tsumma. Ya dubi ƙafarta, ya dubi rigar, ya sassauta murya.

"Mama, shirin tafiya na gani a jikinki. Yaran nan biyu ƙanana ne, kujera ɗaya ta ishe su. In ce a matsa?"

Mutumin da ya gan ta sau biyu a duniya. Ta dubi cikin motar, ta ba su ɗan lokaci ko wani zai juyo ya ji abin da ake cewa. Musun dai ake yi.

"Kujera bakwai, mutum bakwai," ta ce. "Hanyar dutse ce, ba a cunkusa yara. Ka dai bi kwanonin a hankali, ta gaba tana amai."

Ya ce to, ya shiga.

Da motar ta tashi malama ta leƙo ta taga. Sista ta matsa taku ɗaya.

"Mama, cire rigar nan mana, ba kya jin zafi? Ki shiga ciki ki huta. Sai mun kawo miki ganyen shayi."

Ta ɗaga musu hannu har suka sha kwana, sannan ta rufe get.

Falon duhu ne. Tun jiya da yamma ta sauke labulaye, ta rufe tagogi, ta kashe gas daga tukunyarsa. Ta kwashe abin da zai lalace ta ba maƙwabta, ta zare firji ta bar shi a buɗe ya sha iska, ta lulluɓe kujeru da zani saboda ƙura. Gidan da za a bari kwana uku haka ake yi masa, kuma ta yi shi yadda ya kamata, ba ta manta komai ba. Ta jima tsaye a tsakiyar ɗakin ba ta san inda za ta zauna ba. Sannan ta fara daga tagar kicin, ta bi ɗaki-ɗaki tana buɗe abin da ta rufe.